Angon Gidan Kadavath

Mangalor, 6 ga Agusta

Zuwa ga ƙanwata Tahira,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata takardar nan za ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya zafin Sharja? Ciwon kan nan naki ya sake ki, ko har yanzu kuna tare? Mu nan muna nan yadda kika bar mu, sai ruwa da ya ƙi ɗaukewa, komai na gidan a jiƙe, har gishiri ya narke a kwalba. Gwiwata kuwa kar ma ki tambaya.

Kin ce me ya sa in kin kira waya ba na cewa komai sai "lafiya lau, lafiya lau". To me zan ce, Uppa yana zaune a gefena? Mahaifinki ba ya tuna ko ya karya kumallo, amma kunnensa garau yake. Da ya ji an ambaci Umma sai ya miƙe ya fara neman hularsa. Shi ya sa na koma takarda, sai ki yi haƙuri da rubutun malamar lissafi.

Abin yana nan, ƙaruwa ma yake yi. Da safe ba shi da wata matsala. Ya sha shayinsa, ya buɗe jarida, ya tambaye ni farashin barkono kamar har yanzu yana da shago a bakin teku. Amma da an idar da Magariba sai ya zama wani mutum. Ya yi wanka, ya ɗaura farin zanensa, ya shafa turare har bayan kunne, ya ɗauki lema, ya ce, "To Subaida, ni zan wuce gida, uwarki tana jira." Gidan kuwa kin san wanda yake nufi, Kadavath, can Talasseri, mu kuma muna nan wata jihar.

Ranar Talata na shiga wanka, kafin in fito ya zare sakata. Maƙwabciyata Filomena ce ta tsinto shi a tashar bas, tsaye cikin ruwa, lemar a rufe a hammata, yana tambayar masu wucewa hanyar titin 'yan barkono. Da ta kawo shi ta ce, "Malama, wai tsohon nan naki amarya ya yi ba mu da labari? Ya ce mini shi ango ne, gidan matarsa za shi." Dole na zauna, gashina yana ɗigar ruwa, na yi mata bayanin da na gaji da yi wa mutanen garin nan. Na ce a wajenmu mace ba ta tarewa, miji ne yake zuwa. Gida na mata ne, daga uwa sai 'ya. A gyara masa ɗaki a bene, ya yini a kasuwa, ya zo kwana, kuma ko ya yi furfura ya ga jikoki sunansa Ango a gidan. In matar ta riga shi tafiya, ya tattara kayansa ya koma wajen danginsa. Filomena ta ce, "Kai! Da mu ma haka muke yi, da na huta da uwar miji." Na yi dariya dai don kar ta ce ban yi ba.

Kar ki ce in gaya masa gaskiya. Na gaya masa, Tahira, har na daina ƙirgawa. Duk ranar da na ce Umma ta rasu, sai ya zube ya yi kuka kamar yanzu aka fito da gawar, ni ma in taya shi. Gari ya waye ya manta, Magariba ta yi ya nemi hula. Ni ce nake binne Umma kullum, shi washegari ko a jikinsa. Na daina. Yanzu sai in ce ruwa ya yi yawa, ko jirgi ya wuce, ko ta tafi biki. Ina koya wa 'ya'yan mutane gaskiya da rana, ina shirga wa ubana ƙarya da yamma.

Yayanmu Nazar ya zo daga Bangalor ranar Asabar, da lemo a leda da wani ƙaton kwaɗon kulle ƙofa. Ya dangwarar da shi a tebur ya ce, "Ko wannan, ko gidan kula da tsofaffi. Na gano wani tsaf-tsaf, har da lambu. In Uppa ya ƙara ɓata sau ɗaya, wallahi ba zan sake shawara da kowa ba." Na ce, "Ikka, mutumin da bai taɓa kulle ƙofar ɗakinsa ba za ka garƙame?" Ya ce to in kawo wata dabarar. Mai leƙowa sau ɗaya a wata uku shi ne mai yanke hukunci, ni mai wankin zane sai sauraro. Kuma abin haushin, ba ƙarya yake yi ba. Wata rana mota ce za ta tsinto shi, ba Filomena ba.

Saboda haka na karɓi shawararki. Zan kai shi ya ga Kadavath da idonsa, ya ga yadda 'yan uwan Umma suka mai da shi gidan tarihi, babu kowa sai masu kallo. Wataƙila in ya ga ɗakin babu ita, abin ya zauna masa a kai, ya haƙura da fitar nan, Ikka ya ƙyale mana shi. Ni kaina tun da aka kafa allo a ƙofar ban taka wurin ba, kuma ba don ina marmari zan je ba. Na nemi hutu a makaranta, ranar Alhamis za mu tafi in Allah ya yarda.

Ki gaida maigidan, ki shafa mini kan yara. Ki sa mu a addu'a.

Yayarki,
Subaida


Mangalor, 14 ga Agusta

Tahira ƙanwata,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, kuma ƙaramin ya warware daga murar da kika ce. Mun je mun dawo jiya. Jikina kamar an yi mini dukan sakwara, amma gara in rubuta tun abin yana da ɗumi.

A jirgin ƙasa ba ki ga Uppa ba. Yana ta kiran sunayen tashoshi tun kafin mu iso su, bai kuskure ko ɗaya ba, har ya saya wa wata mata da ba mu sani ba shayi. Da ƙanshin teku ya fara shigowa ta taga sai ya gyara hula. Na ce a raina ashe da mutum a ciki har yanzu.

Rigima ta fara ne a tasha. Gidan tarihin biyar na yamma ake rufe shi, mu kuma mun sauka bayan Azahar. Na tsayar da keken haya, Uppa ya ƙi shiga. Ya ce, "Da rana tsaka? Ke ki je, gidanku ne. Ni me za a ce? Ango ya rasa aikin yi, ya zo ya tsare mata?" Na yi lallashi, na yi faɗa, mai keken yana ta danna ƙaho. Daga ƙarshe na ce Umma ce ta aiko a kira shi. Ya dube ni ya ce, "Ita ta aiko?" Sai ga murmushi har kunne. Ya shiga, amma sai da muka biya shagon alewa ya sayi baƙar alewar ayaban nan da take so, wai ba a shiga gidan surukai hannu rabbana.

Tahira, gidan yana nan kuma ba ya nan. An shafe shi da farin fenti, an share gansakukar da ke bango, an sare bishiyar mangwaron bakin rijiya don masu ɗaukar hoto. Ɗakin da kakarmu take ajiye shinkafa an huda masa taga, a nan ake sayar da tikiti. Na sa Uppa ya tsaya cire takalmi, na lallaɓa na sayi tikitin shiga gidan da aka yanke mini cibiya. Mai sayarwar wata mata ce, Shailaja, ita ce kuma mai zagayawa da baƙi. Ba ta da laifi, fara'a gare ta, amma da ta ce mini "Barka da zuwa gidan Kadavath" sai da na ji kamar in zauna a ƙasa.

Uppa ya tsaya a bakin zaure ya yi gyaran murya da ƙarfi, yadda ya saba don mata su gyara mayafi. Babu matan da za su gyara, sai wasu mata da miji daga arewacin ƙasar nan da kyamara a wuya. Shailaja ta tambaye shi ko yana son ruwa.

Ciki babu warin man kwakwa, babu na albasa, sai warin man goge katako. Tukwanen tagullar nan da muka ƙare ƙuruciyarmu muna dirza da toka da tsamiya suna cikin gilashi, kowace da 'yar takardarta. Akwatin goron kakarmu ma an sa masa fitila. Har buta, Tahira, butar bayan gida, an rubuta mata shekara.

Shailaja ta ce za a fara da madafa. Uppa ya ja ya tsaya. Ya ce, "Ni? Madafa? Yarinya, ke baƙuwa ce a gidan nan ko?" Ta ce, "Baba, ai na daɗe ina aiki a nan." Ya ce, "To ba a gaya miki ba ne." Sai a lokacin na tuna, shekara arba'in da wani abu mutumin nan yana kwana a gidan, bai taɓa ganin inda ake dafa masa abinci ba. Mutanen arewa suka shiga suka yi hoto da murhu, shi yana tsaye a tsakar gida da ƙullin alewarsa.

Muna nan sai ga Inna Kadisu ta leƙo daga baya. Kin san ƙanwar Umma ta ƙi tashi, sai da kwamitin 'yan uwa ya bar mata ɗakuna biyu na ƙurya. Ta rame, haƙora sun zube, amma bakin yana nan. Ta ja mayafi ta laɓe rabin jikinta a bayan ƙyaure, tsohuwa da tsoho, ta ce, "Lale lale da Ango! Yau kuma da rana? Ko kasuwar barkonon ce ta ci wuta?" Uppa ya sunkuyar da kai yana dariya kamar ɗan saurayi, ya ce, "Aiko mini aka yi." Inna ta dube ni, na dube ta. Ta jawo ni ta raɗa mini, "Ke 'yar nan, kar ki bari ya hau bene." Kafin in ce me ya sa, na waiwaya babu shi. Matakalar nan mai tsayi da ni nake hawa ina nishi, shi ya haye ta ko riƙe ƙarfe bai yi ba.

Na same shi tsaye a ƙofar ɗakin Umma. Ƙofar a buɗe, an gitta jar igiya. Gadon nan mai sassaƙa yana nan, madubin yana nan, tagogin masu gilashi kore da ja. Hadari ya haɗo, ɗakin ba haske sosai. A bakin gadon kuwa mutum biyu ne zaune. Namiji da farin rawani da baƙin gashin baki, sambal da shi. A gefensa mace, kanta a sunkuye, sanye da koren alharinin nan na auren Umma, da ɗamararta ta azurfa. Mutum-mutumi ne irin na shagon tufafi, kwamiti ne ya sa su bara don baƙi su ga yadda ake yi. Ni da nake da idona da hankalina sai da gabana ya faɗi, balle shi mai yana a ido.

Ya yi sallama. Shiru. Ya sake yi. Sai ya ce, "Kunhibi." Tun da nake ban taɓa jin ya kira sunanta a gaban mutane ba. Shailaja ta iso da baƙinta tana karanto haddarta, "Wannan shi ne ɗakin ango, a nan ne miji..." Na daka mata tsawa, Allah ya yafe mini, ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba.

Na ce, "Uppa, roba ce. Mutum-mutumi ne, zo ka taɓa ka ji." Na kama igiyar zan ɗaga. Ya damƙe hannuna, da ƙarfin da ban san yana da shi ba, ya ce ƙasa-ƙasa, "Kina da hankali kuwa? Da mutum a ciki." Ya daɗe yana kallo. Sannan ya durƙusa, ya ajiye ƙullin alewar a bakin ƙofa, ya tura shi ta ƙarƙashin igiyar da yatsa, ya juya. Saukowar sai da na riƙe shi, mataki ɗaya-ɗaya.

A ƙasa Inna ta riga ta jera shayi da gurasar shinkafa da miyar ƙwai, don kin san a gidan nan ba mai kai loma baki sai Ango ya ci. Ta ce, "Bismillah, Ango." Ya dubi abincin ya ce, "A kai wa na sama." Ya wuce ya sa takalmansa. Inna ta zauna daɓas a kan benci mai rubutun "kada a zauna", ta ce, "Allah ya isa tsakanina da kwamitin nan da gumakansu. Sai da na ce kar a sa, suka ce tarihi ne. Ni ma da na ba su kayan, me ya kai ni?" Ta roƙe mu mu kwana, ya ƙi. Muka kama ɗaki a wani masauki kusa da tasha, mai warin kifi.

Magariba ta yi a can, ina zaune ina jira. Ya yi sallarsa ya kwanta, ya juya fuska bango. Bai nemi hula ba. Jiya ma da muka dawo bai nema ba.

Ban san ko murna zan yi ba. Barci dai nake ji. Ki gaida kowa da kowa.

Taki,
Subaida


Mangalor, 29 ga Agusta

Tahira,

Sallama da gaisuwa. Na ga saƙon da kika ba matar abokin maigidanki, maganin gwiwar ya iso, na gode, Allah ya bar zumunci. Yaya yara da makaranta?

Tun da muka dawo Uppa bai taɓa sakata ba. Nazar Ikka ya kira yana ta washe baki ta waya, wai, "Kin gani? Dama Tahira ce mai kai a cikinku." Ya ce maganar gidan tsofaffi a bar ta tukuna. Ni kuwa na yi barcin da rabona da shi tun bara. Ina gyaran takardun jarrabawa ba tare da kunnena yana ƙofa ba. Har kasuwa na je da yamma, na tsaya na yi cinikin kifi a tsanake kamar sauran mata. Ba zan ɓoye miki ba, na ji daɗi.

Amma mutumin da ke gidan nan ba Uppa ba ne. Ya daina tambayar farashin barkono. Kwalbar turare ta yi ƙura. Wanka sai na yi da gaske. Abinci ya ɗan tsakura ya ture, zanen da yake ɗaurawa yanzu sai ya ninka shi sau biyu. Yini yake a kujera yana kallon bango. Abin da ya ɗaure mini kai, mutumin da ke manta sunana, wanda na gaya wa mutuwar matarsa ban san adadi ba ta ƙi zama, wannan abu ɗaya ya riƙe shi gam.

Shekaranjiya bayan La'asar ina tsince shinkafa ya kira ni. Ya ce, "Subaida, zo ki gaya mini tsakaninki da Allah. Saki nawa na yi wa uwarki?"

Na ce wane irin saki kuma. Ya ce, "Kar ki rufe ni. Na san kaina ya lalace, ina yin abu in manta. Amma mace irin Kunhibi ba ta zama da wani sai an sake ta, ta gama idda. To ni ne ke nan, da bakin nan nawa. Abin da nake so in sani, me ta yi mini? Na duba, na duba, ban samo ba."

Kin san abin da yayarki ta yi? Na ce na bar tukunya a wuta. Babu wata tukunya. Na shiga madafa na kunna famfo don kar ya ji ni.

Ga inda nake. In na yi shiru, yana gida, mota ba za ta buge shi ba, Ikka ya ƙyale mu, ni ina barci. Sai dai zai ƙarasa kwanansa yana ganin shi ya saki Umma. In na faɗa, ban san abin da zai tsaya masa a kai ba da wanda zai zube, wataƙila mu koma gidan jiya. Ke kika kawo shawarar farko, ban ce laifinki ba ne, ni ma hannu biyu na karɓa. Amma ki kawo ta biyu. Kar ki kira, ki rubuto.

Na gaji, Tahira, irin gajiyar da barci ba ya maganinta.

Yayarki,
Subaida


Mangalor, 10 ga Satumba

Ƙanwata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata kuna cikin ƙoshin lafiya. Amsarki ba ta iso ba tukuna, wataƙila tana hanya, amma duk abin da ke cikinta ya makara.

Gara ki ji daga bakina kafin Ikka ya kira ki: Uppa ya koma fita, kuma ni na jawo. Yanzu da Magariba ta yi, yana sa hula ina sa takalmi. Mu sauka, mu bi titi har tashar bas, mu tsaya mu ga bas biyu ko uku sun wuce, in ce yau babu ta Talasseri, mu dawo yana mita. Na roƙi shugabar makaranta ta cire ni daga darasin yamma, ta yarda tana ɓata rai. Gwiwar ta kumbura. Ikka ya yi ta faɗa har wayar ta ɗau zafi, ya ce ranar Lahadi yana tafe da mota. Na ce ya zo da babba, don in za a kai Uppa wani wuri mu biyu za a ɗauka. Ban san yadda za mu ƙare ba. In kin ga dama ki sa baki, ni ba ni da sauran ƙarfin gardama.

Ga yadda aka yi. Ranar Juma'a da hantsi na zaunar da shi a baranda ina yanke masa farce. Ya kwana biyu ba abin da ya shiga cikinsa sai ruwan shayi, hannun nan ba nauyi ko kaɗan. Sama ta yi baƙi, aka yi wata tsawa mai ƙarfi har tagogi suka amsa. Sai na ji hannunsa ya motsa a cikin nawa.

Ya ce, "Wannan mutumin, ya san tana tsoron tsawa kuwa?"

Na ci gaba da yankan farcen. Ya ce, "Ba za ta faɗa masa ba, kunya gare ta. Ki aika a gaya masa. In ana ruwa kar ya tsaya hira a masallaci, ya koma da wuri. Kuma ya bar mata gefen bango. Ba sai an ce daga wajena ba ne."

Tahira, na ajiye abin yankan farcen. Na tuna barcina, na tuna Ikka, na tuna tashar bas, duk na tuna, kar ki ɗauka ban tuna ba. Na durƙusa a gabansa na kama gwiwoyinsa, na ce, "Uppa, dube ni. Babu wani mutum. Ba ka saki Umma ba, ko sau ɗaya, ko da wasa. Rasuwa ta yi. A ɗakin nan na bene, da damina irin wannan, kanta a kan cinyarka. Kai ka rufe mata ido."

Ya zuba mini ido har na ɗauka bai gane ba. Can ya ce, "Da aurena a kanta?"

Na ce, "Da aurenka a kanta."

"Ba ta yi fushi da ni ba?"

"Ba ta yi ba."

Ya yi salati, ya ce inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, hawaye suna bin gemunsa. Na shirya wa kukan da na sani, mai zubewa ƙasa. Bai zo ba. Ya jingina da kujera, ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya, ya shafa kaina kamar ni ce ƙarama.

Ya ce, "Alhamdu lillahi. Ashe mutuwa ce kawai."

Muka zauna muna kallon ruwa. Da aka jima ya tambaye ni ko akwai sauran shinkafa.

Hannuna ya gaji, zan tsaya a nan. Ki gaida maigidan da yara, ki yi wa Umma addu'a, mu ma ki haɗa da mu.

Yayarki har kullum,
Subaida